Kafin Ku Ɗora Yarona a Kan Tudun Jifa

Zuwa ga Shugaban Makarantar Horar da 'Yan Wasan Besbol, Dubai.

Yallaɓai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalinku da duk ma'aikatanku. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Sunana Alhaji Sabitu Haladu, ina da ofishin kago, wato na jigilar kaya, a unguwar Naif. Ni ne mahaifin yaron nan ɗan Najeriya da ke cikin masu jifan ƙwallo a makarantarku. Ba sai na faɗi sunansa ba, shi kaɗai ne Bahaushe a wajenku. Na rubuta wannan takarda da Hausa domin da ita nake iya faɗin abin da ke cikina ba tare da na rage ba. Yohanna, wanda ke riƙe mini kwamfuta a ofis, zai mayar muku da ita Turanci, kuma na ce masa kada ya gyara mini magana. Na kuma sa ta a bainar jama'a ne saboda na zo ofishinku an ce kuna taro, na sake zuwa an ce kun yi tafiya, ga shi kuma lokaci yana ƙurewa.

Maganar ita ce: gwiwar hannun yarona ta dama ba lafiya, kuma sunansa yana cikin waɗanda za su yi jifan gwaji a ƙarshen watan nan, gaban mutanen da za su zo daga ƙasashen waje neman 'yan wasa. Ina tsoron kada a ɗora shi a kan tudun nan da masu jifa ke tsayawa ya yi jifan da zai zama na ƙarshe.

Na farko, bari in faɗa muku ko ni wane ne, don kada a ɗauka wani ne ya zo neman a tausaya masa. Karatuna bai wuce sakandare ba. Na shigo garin nan da jakar hannu ɗaya, na fara da dakon dilolin kaya a lungunan Naif, ina bin Hajiyoyi 'yan kasuwa daga shago zuwa shago. Yau ina da ma'aikata, ina loda kwantena da sunana, kuma babu wanda ya ɗora ni sai Allah. Kafaɗata ta hagu har gobe ba ta ɗaguwa sosai saboda dakon nan. Ban damu ba, don na yi ne saboda kada 'ya'yana su ci abinci da ƙarfin jikinsu. To ga shi yanzu ina kallon babban ɗana zai ba da hannunsa tun bai cika sha takwas ba.

Ni ban san besbol ba. Da yaron ya fara maganarsa, na ɗauka wasan nan ne da 'yan Pakistan ke yi a filin ajiye motoci ranar hutu. A makaranta ya koya wurin abokansa. Da na ga abin ya shiga ransa, ban hana ba. Ni na kawo shi wajenku da ƙafata, ni na saya masa safar hannun nan ta fata da takalma, kuma ban taɓa jinkirta abin da makaranta ta nema ba. Ranar da aka ce ya fi duk sa'o'insa ƙarfin jifa, har rago na sa aka yanka a gida Kano, ban dai gaya masa dalili ba.

Na biyu, yadda na gane abin da ke faruwa. Baba Isiyaku, ƙanin mahaifina, ya zo ganin likitan ido, ya sauka a gidana. Ranar Juma'a bayan an taso daga masallaci muna zaune, yaron ya kawo masa shayi, ya durƙusa, ya miƙa masa kofi da hannun hagu. Yallaɓai, ƙila a wajenku wannan ba komai ba ne. A wajenmu yaro ba ya miƙa wa babba abu da hagu, tun yana rarrafe ake raba shi da wannan. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Baba kuwa, da yake kakansa ne, akwai wasa tsakaninsu, sai ya hau tsokanarsa: wai ashe abin da Dubai ta koya wa jikan nasa ke nan, wai a kawo masa hannun da aka ce zai kai mu Amurka ya gani ko na zinare ne. Ya kamo hannun daman ya ɗan ja. Ja na wasa, na tsoho mai shekara saba'in da wani abu. Yaron ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba, gumi ya keto masa, ya dafe gwiwar hannun ya sunkuyar da kai.

Baba ne ya kore mu daga ɗakin ya zauna da shi. A nan ya faɗa masa cewa tun bayan ƙaramar Sallah hannun ke ciwo ta ciki, daidai gwiwa, kuma wani lokaci ƙaramin yatsansa da na kusa da shi suna mutuwa. Daga baya ƙanwarsa ta gaya wa uwarsu cewa ƙanƙarar firjin gidan da ke ƙarewa kullum, shi ke ɗaure ta a hannu, kuma ba ya fita horo sai ya haɗiyi maganin kashe ciwo. Ta ce ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba.

Na uku, abin da kociyan masu jifa ya ce mini. Na same shi a fili, na yi masa bayani. Ban ce mugun mutum ne ba, na ga yana son yaron. Amma ya dafa ni yana ce mini habibi, wato masoyi da Larabci, wai duk mai jifa yana jin tsami a hannu, wai kullum kafin a fara yana tambayar kowane yaro ko akwai inda ke masa ciwo, nawa kuwa bai taɓa cewa akwai ba. Ya nuna mini na'urar nan mai kama da ta 'yan sandan hanya, wadda kuke auna gudun ƙwallo da ita, ya ce lambar yaron sai hawa take yi, mai ciwo ba ya haka. Ya ce a bari a wuce gwajin, khalas, shi ke nan, sai ya huta. Da na kawo maganar hoton asibiti, sai ya rage murya ya ce masu neman 'yan wasa ba sa son jin an taɓa ɗaukar hannun yaro hoto.

Yallaɓai, a nan ne tsarinku ya kuskure, kuma shi ne babban dalilin wannan takarda. Kun gina lafiyar yaran nan a kan tambaya. Ana tambayar yaro, in ya ce lafiya, shi ke nan. Ƙila wannan yana aiki ga yaran da aka koya wa faɗin duk abin da suke ji. Namu ba haka muka raine su ba. Yaron Bahaushe, babba ya tambaye shi yaya jiki, a gaban sa'o'insa, ko ƙashinsa ne a waje zai ce da sauƙi. Mu muka koya masa, kuma da ya yi hakan muna yaba masa. Ni ma da aka tambaye ni kafaɗa a lokacin dako, Alhamdulillahi nake cewa in ƙara ɗaukar wani dilan. Amsar da yake ba kociyanku ba labarin hannunsa ba ce, tarbiyyarsa ce.

Sannan kociyan ya faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai. Ya ce ai bai taɓa ganina a wajen wasa ba, sauran iyaye suna zuwa suna ihu suna rungume 'ya'yansu, shi ya ɗauka na bar musu komai ne. Ina zuwa, Yallaɓai. Ina ajiye mota can nesa in tsaya bayan shingen waya, in ya gama in tafi kafin ya gan ni. Ɗan farina ne. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Uwarsa ma ta fi ni. Wannan ba rashin so ba ne, kuma a gida ba ya cutar da yaro, domin ɗan fari yana da kaka, yana da baffa da gwaggo da kawu, su ne nasa, su yake kai wa kukansa. To a nan Dubai wa yake da shi? Mu huɗu ne a gida, a hawa na shida. Mun taho da al'adar, mun baro mutanen da ke cike ta. Da Baba bai zo ganin likita ba, da har yau ban sani ba. Baba kuwa ya koma.

Tun ranar nan ba ni da sukuni. Na sa Yohanna ya nemo mini duk abin da ya shafi hannun masu jifa yana karanta mini, ni da ko dokokin wasan ban gama sani ba. Abin da na ji bai kwantar mini da hankali ba. Ashe a can inda wasan ya yi ƙarfi ma maganar da ake yi ke nan. An ce 'yan wasan zamanin da suna jifa tun daga farkon wasa har ƙarshensa, amma ba kowane jifa suke zuba duk ƙarfinsu ba. Yanzu kuwa tunda na'ura ta zo, lamba ake saye, kowa so yake ya fi na jiya, har manyan ƙwararru da ke da likitoci a gindinsu jijiyar gwiwarsu tana tsinkewa, a yanka su a ɗauko wata jijiyar a dasa, su yi shekara ko fiye ba su taɓa ƙwallo ba. Wasu su dawo, wasu shi ke nan. Har yara 'yan sakandare an ce ana yi wa wannan tiyata. Idan waɗanda ake biya maƙudan kuɗi ba su tsira ba, ina ga ɗan mai kago da ke jifa da ƙwayar magani a cikinsa? Kuma in ya lalace, masu neman 'yan wasan nan jirgi za su hau su tafi wata ƙasa. Ni za a bar wa shi. Da hannun nan zai ci abinci, da shi zai yi rubutu, da shi zai gaisa da mutane har ƙarshen ransa.

Za ku ce me ya hana ni kai shi asibiti da kaina, tunda ɗana ne. Na nemi likita, an ba mu rana. Yaron ya aiko ƙanwarsa ta ce wa uwarsa ta ce mini, don Allah in bari sai bayan gwaji, wai in aka ji ya je asibiti za a cire sunansa, kuma kociya ya ce irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Kun ji yadda magana ke tafiya a gidana. Tun daga ranar ba ya cin abinci tare da mu. Ina da ikon in daka masa tsawa ya shiga mota, kuma zai shiga, bai taɓa musa mini ba. Amma abin da ban so in faɗa ba, ga shi zan faɗa: a kan maganar besbol, kalma ɗaya daga bakin kociyanku ta fi tawa goma nauyi a kunnensa. Ni da nake sallamar kwantena da waya ɗaya, na kasa shawo kan yaron da na haifa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Ku dakatar da shi daga jifa daga yau, har likitan ƙashi ya ɗauki hoton hannun ya faɗi abin da ya gani. Kafin gwaji nake nufi, ba bayansa ba. Kuɗin asibiti nawa ne, ban nemi ko dirhami ɗaya daga makaranta ba.

Ku kira shi, ku da kociyan, ku gaya masa da bakinku cewa zuwa asibiti ba zai rufe masa ƙofa ba, kuma in mutanen nan sun sake zuwa, ko wasu irinsu, za ku gabatar da shi. In kuwa gaskiyar ita ce ƙofar za ta rufe, to ku faɗa mini ni, in san abin da zan tara.

Sannan ku daina dogara da tambaya kaɗai. A samu wanda zai riƙa taɓa hannun yaran nan yana lanƙwasawa yana kallon fuskarsu, a keɓe, ba a gaban abokansu ba. Tsoho mai ciwon ido ya gano a zama ɗaya abin da aka yi watanni ana tambaya ba a ji ba. 'Yan'uwana iyaye da ke Deira da Satwa da suka fara kai yaransu irin waɗannan makarantu, da ku ma nake. In yaro ya ce lafiya lau, ku duba da kyau.

Yallaɓai, in ranar ta zo ban ji daga gare ku ba, ba zai fita daga gidana ba. Na yanke wannan, kuma ba na warware magana. Amma na san abin da zai biyo baya. Ba zai yi mini rashin kunya ba, zai gaishe ni kullum da safe kamar yadda ya saba, zai kuma girma yana ganin ubansa ne ya tare masa hanya a ranar da duniya ta zo kallonsa. In ku kuka ce ya dakata, zai ɗauka horo ne, ya yi haƙuri ya jira. In ni na ce, zan tsira da hannun, amma ban san ko zan tsira da yaron ba. Ban saba roƙon mutane ba, duk Naif sun san haka. Yau ina roƙonku: kada ku bari ya zama ni ne.

Allah ya ba ku ikon yin abin da ya dace, ya albarkaci makarantarku, ya tsare 'ya'yanku da na amanar da ke hannunku. Allah ya sa kada ku taɓa tsayawa inda nake tsaye yau.

Wassalam.

Naku,
Alhaji Sabitu Haladu,
Naif, Deira.