Zumar Baba

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin maiɗakinka? Mu nan Kurawa lafiya, sai dai Baba.

Na kai shi Sakkwato an ɗebi jininshi. Likita ya ce wani furotin ya hau, alamar ciwon suganshi ya fara taɓa ƙoda, zuciya ma tana cikin haɗari. Ashe zumar da muke zuba mishi a fura da sunan magani, ita ma suga ce.

Ban yi kuka ba. Na ninke takardar gwajin muka hau mota, Baba yana ta zancen gero.

Galan ɗin zumar da ka aiko yana ƙarƙashin gado. Kada ka ƙaro. A sa mu addu'a, a gaida yara.

Ƙanwarka,
Rabi