Lasifikar Hagu da ta Dama

"Ki guji hayaniya, ki guji cunkoson jama'a, kuma ki daina hawa bene," in ji likita da safiyar yau, yana magana yana kallon hoton ƙirjina maimakon fuskata. Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba. Gobe za a kwantar da ni, kuma daga yadda ya yi ta gyara zaman tabaransa na gane ba ya sa ran zan dawo gida da ƙafata. Shi ya sa na shigo ɗakin sauraro, na ture faya-fayan da ke kan tebur, nake rubuta muku wannan.

Ni ce mahaifiyarku. Ina cikin hankalina, babu wanda ya tilasta mini, kuma maganin nan mai sa ni gyangyaɗi ban sha shi ba tukuna. Duk wanda ya ci karo da abin da bai yi masa daɗi ba a nan, kada ya ɗora wa ciwo. Ni ce na faɗa. Zuwa gare ku ku uku: Babba, Auta, da ke Alƙaliya, wadda na laƙaba wa wannan suna tun kina 'yar firamare kina shiga tsakanin yayanki da ƙaninki.

1. Gida da abin da ke banki, a raba yadda addini ya tsara. Takardu suna wurin lauya, kuma Babba akanta ne, lissafin kuɗi aikinsa ne, ba zai bari ko allura ta ɓace ba. Ba zan ɓata tawada a kan wannan ba. Kayan ɗakin nan kuwa ba sa cikin rabo, don na riga na bayar da su kyauta tun ina raye, a gaban Mai Kemis da Shugabar Makaranta. Bayanin wanda ya samu me yana ƙasa.

2. Babu mai bina kuɗi. Abin mutane ɗaya ne a hannuna: faifan garmaho mai koren bango, wanda kusurwarsa ta ci ruwa, yana kan kanta ta sama daga gefen taga. Na Tela ne, abokin zamanmu na Lahadi. Na aro shi tun gashina bai fara fari ba, yana tambaya ina ce masa ban gama ji ba, kuma gaskiya na faɗa. Ku mayar masa. Zai ce ku riƙe, zai ma yi ƙwalla. Ku ajiye masa a kan keken ɗinkinsa ku fito.

3. Zaman Lahadi ba zai mutu tare da ni ba. Kun taso kun ga mutanen nan uku, Tela da Mai Kemis da Shugabar Makaranta, suna zuwa duk Lahadi da la'asar, kowa da waƙar da ta riƙe shi a wannan mako. Kun san ƙa'ida: mai waƙa ya faɗi inda ya fara jin ta, a kunna, kowa ya kama bakinsa har ta ƙare, sannan a yi musu. Na koyar da lissafi a jami'a har na yi ritaya, na zauna tarukan farfesoshi ba adadi, amma ban taɓa ganin inda ake sauraron mutum har ya kai aya ba sai a ɗakin nan.

Ku yi haƙuri da su. Mai Kemis zai sake ba ku labarin wasan da ya je a filin ƙwallo, inda mai ganga ya buga har fata ta fashe ya juya gangar ya ci gaba. Duk shekara jama'ar da ke filin ƙaruwa suke yi a bakinsa, kada ku gyara masa. Shugabar Makaranta za ta ce waƙoƙin yanzu hayaniya ce, alhali ƙafarta tana bin kiɗan a ƙarƙashin kujera. Ku riƙa kawo naku ku ma. Na san kowannenku yana da dubban waƙoƙi a waya, yana toshe kunne ya ji shi kaɗai kamar mai shan magani a ɓoye. Ban hana ba. Amma waƙar da ba ka taɓa kunna wa wani ka zauna kana satar kallon fuskarsa ba, ba ka gama saninta ba.

4. Alƙaliya, naki ne garmaho, da na'urar ƙara sauti, da faya-fayai da kaset-kaset gaba ɗaya, da makullin ɗakin. Allurar garmaho ba a taɓa ta da yatsa, kin sani, amma mijinki bai sani ba.

5. Lasifikokin nan biyu manya, na katako, waɗanda babanku ya ɗauko a kafaɗa ya hau da su bene yana haki: ta hagu ta Babba ce, ta dama ta Auta. Kowa yana da ikon ɗauke tasa ya kai gidansa. Sai dai Auta ya san abin da zai biyo baya, tunda harkar sauti sana'arsa ce: yawancin faya-fayan nan an raba musu kiɗa ne gida biyu, jita a wannan gefe, ganga da 'yan amshi a wancan. Wanda ya tafi da guda zai zauna da rabin waƙa har ƙarshen ransa. Na yi wannan rabo da gangan, kuma na ji daɗin yin sa.

6. Yanzu sai maganar kaset, wadda ita ce dalilin wannan takarda. Sauran duk rakiya suka yi mata.

Babba da Auta, rabon da ku yi wa juna magana tun bikin ritayata. Kuna tsammani ban lura da dabarunku ba. Babba yana zuwa da safe, Auta da yamma. In ɗaya ya hango motar ɗaya a ƙofar gida sai ya wuce kamar ya yi ɓatan hanya. Ina kallonku ta tagar nan. Maza biyu masu gemu suna wasan ɓuya a layin da aka haife su.

Zan faɗi abin da ya faru sau ɗaya, yadda ni na san shi, don jikokina su samu labarin daga tushe.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a wata mawaƙiya ta zo da makaɗanta babban ɗakin taro. Mace ce gajera mai dusasshiyar murya, ba ta rawa, ba ta murmushi, tana tsayawa ne kawai kamar mai jiran mota ta buɗe baki, sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Na ɓoye ƙaramar rakoda a jakar hannu, na samu kujera kusa da gaba, na danna. Sai ga wani dogon ɗalibi a gefena, ya haddace kowace waƙa, kuma ya ƙudura sai duk duniya ta san haka. Murya kamar ana jan tebur a kan siminti. Ga shi kullum yana riga mawaƙiyar shiga amshi. Na harare shi, ya ɗauka yabo ne, ya ƙara buɗe maƙogwaro.

Ana tsakiyar wasa ruwa ya kece a kan rufin kwano, wuta ta ɗauke. Makirufo ya mutu, jita ta mutu. Matar nan ko gezau. Ta matso bakin dandamali ta ci gaba da muryarta tsura, mai ganga yana bin ta a hankali, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki amshi. Na je wasanni da yawa bayan wannan, a manyan zaure masu kujerun laushi, ban sake jin irinsa ba. Rakodata kuwa mai batir ce, ta kwashe komai: ruwan, matar, da dogon nan a saman kowa.

Da aka tashi na tare shi a baranda na ce ya lalata mini kaset. Ya ba ni haƙuri, ya ce zai kawo mini sabo. Ya kawo. Mako na gaba ya sake kawo wani. Ban daɗe ba na gane ba kaset ne ke kawo shi ba.

Babba, kai ka ji kaset ɗin kana yaro, kana kwance a kan tabarmar ɗakin nan kana dariya har da shure-shure. Dariyar taka ce ma ta sa babanku ya ji kunya ya ce kada a sake kunnawa a gabansa, aka jefa shi can ƙasan akwati. Auta ya zo duniya bayan haka. Ya san babansa mutum ne mai shiru, mai gyaran famfo ranar hutu. Bai taɓa jin ya rera ko baiti ɗaya ba.

Bayan rasuwar babanku, da ritayata ta matso, Auta ya tono kaset ɗin, ya ga sunan mawaƙiyar da rubutun hannuna, ya ce zai yi mini kyautar da ba wanda ya taɓa yi. Zaren kaset ɗin ya riga ya tsufa. Ya samu ya juye shi a kwamfuta, yana gamawa na'ura ta tauna shi ya zama tsumma. Sannan ya zauna makonni yana aikin da ya iya: ya rage ƙarar ruwa, ya cire tari, ya bi muryar wani ƙato da ke ɓata waƙa ya goge ta tas. Kwafin farko mai datti bai ajiye ba, don a wurinsa shara ne. Ranar biki ya kunna mana yana murmushi. Babba ya saurara, ya jira, bai ji abin da yake jira ba. Da ya gane, sai ya miƙe a gaban baƙi ya ce wa ƙaninsa ya sake binne Baba. Auta ya fita bai ko ɗauki hularsa ba. Tana nan rataye a bayan ƙofa har yau.

Ga hukuncina. Duk duniya babu wanda ya fi ni haƙƙi a kan muryar nan. Ni aka ɓata wa kaset da ita, ni na aure ta, ni na yi ta jin ta daga banɗaki kowace safiya har ranar da dariyar Babba ta sa ya daina. Na yafe, kuma ban ba kowa wakilcin ya ci gaba da fushi a madadina ba. Babba, baƙin cikinka gaskiya ne, amma ka mayar da shi kujerar mulki ka hau ka zauna. Sauko. Auta, kuskure ka yi, irin na ƙwararre, wanda ya san sauti bai san labari ba. Amma guje-gujen da kake yi tun daga ranar ba kunya ba ce kuma, ta zama girman kai. Ka zo ka ɗauki hularka.

Akwai abin da ku biyun ba ku sani ba, don babu wanda ya sake sauraron aikin Auta a cikinku. Ni ina saurara kusan kullum. Duk inda ya cire babanku, sautin yana ɗan nutsewa, kamar an tsoma waƙar a ruwa an fito da ita. Gurbin yana nan, daidai tsawonsa, daidai inda yake riga matar shiga. Ban taɓa kuskuren wurin ba.

To, Babba, na sha jin ka kana wanke mota kana waƙa, kana tsammani ba kowa. Allah ya ba ka ilimi da natsuwa, amma muryar ubanka ya ba ka, babu ragi. Har rige-rigen shiga amshin ka gada. Saboda haka, Lahadin farko bayan an gama karɓar gaisuwata, a haɗu a ɗakin nan da 'yan zaman Lahadi da yaranku duka. Auta ya haɗa wayoyi ya kunna. Duk inda waƙa ta nutse, Babba ya cike gurbin da bakinsa. A ranar kaɗai na ɗage dokar yin shiru, wanda dariya ta kama ya yi abarsa. Wannan ba shawara ba ce.

7. Alƙaliya, daga yau na sauke ki daga muƙaminki. Kin gaji da kai saƙon "ki ce masa" da "ki faɗa masa", ina ganin haka a kafaɗunki. In ɗayansu ya kira ki da irin wannan, ki ba shi lambar ɗan'uwansa ki kashe waya. Makulli kawai za ki riƙe, kuma kada ki buɗe wa mai lasifika ɗaya ɗakin nan in ya zo shi kaɗai da niyyar ɗauka, sai ɗayan yana tsaye.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Ya ba ku masu sauraronku har ku kai ƙarshen magana, ya ba ku haƙurin yi wa wasu haka. Na yafe muku abin da na sani da wanda kuka yi nasarar ɓoye mini, ku ma ku yafe mini kaifin harshe. Ku riƙe juna. Ban tara wani abin kirki ba in ban da ku uku, kuma ba na son a raba ku kamar kujeru.

Zan tsaya nan, don Babba ya iso, ina jin hon ɗinsa a ƙasa. Na ce masa ya zo ya kai ni gwajin jini. A jakata kuwa tikiti biyu ne na wasan da za a yi da yammacin nan, wanda Auta ne ke riƙe da na'urorin sautinsa. Akwai hayaniya, akwai cunkoso, kuma zauren a saman bene yake. Benen ya fi na gidan nan tsawo, ba zan iya hawa ba sai da kafaɗar wani, kuma na san ɗana: zai yi ta faɗa tun daga mota, amma ba zai bar uwarsa a tsakiyar matakala ba. In mun hau kuwa, kujerunmu suna dab da teburin mai sauti. Lokacin da kuke karanta wannan kun riga kun san yadda aka kwashe. In an dace, sashe na shida ya zo muku da sauƙi. In ba a dace ba, yana nan daram yana jiranku.

Na kashe na'ura, na rufe garmaho da mayafinsa. Takardar tana kan lasifikar hagu. Alƙaliya, makullin yana cikin aljihun rigar ruwan babanku. Na ja ƙofa.

Mahaifiyarku.