Kabari a Cikin Kwalba

Zuwa ga Kakata Hajiya Yaya, a Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da fatan ciwon gwiwa ya yi sauƙi. Mu ma nan unguwar Nuzla a Jidda duk lafiya lau. Na san ba ki karanta boko, shi ya sa na sa wasiƙar nan a shafin dangi, don Anti Hadiza ta karanta miki. Anti, don Allah kada ki tsallake komai.

Kaka, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Maganar da ta cika Katsina, wai Baba yana sayar da kaburbura a Jidda, daga bakina ta fito. Ni ce. Ba Baffa Isa ba ne.

Kin tuna lokacin da kike nan, kullum kina yi min dariyar Hausata? Idan na ce kafil, sai ki ce kafili. Idan na ce maktab, ki ce maktabi. Kina cewa, "Ke Balarabiya, mu ba ma barin kalma tsirara, sai mun ɗaura mata zane." Na riƙe wannan sosai, don ina so ki daina dariya.

To, bayan kin koma gida, Baba ya shigo da sabon kaya shagon kafilinsa, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, da ke unguwar Ammariyya. Sunansa kabar. Wasu 'yan ƙwayoyi ne kore, ba su kai gyaɗa ba, tohon furen wani itace da ake tsinka tun bai buɗe ba, a jiƙa a gishiri da khal, ruwan tsamin nan, a rufe a kwalba. Daga Maroko aka kawo. Baffa Isa ne ya yi ta safa da marwa a tashar jiragen ruwa da takardu har aka saki kayan. Masu gidajen abinci ne ke saye, suna sawa a kifi da salak. Mutanenmu kuwa sai su ɗaga kwalbar, su juya ta, su tambaya ko maganin basir ne.

Ranar farko Baba ya kawo mana kwalba ɗaya. Umma ba ta tambayi kowa ba, ta juye ta kaf, har da ruwan, a miyar kuka. Baffa ya kai loma ɗaya, hawaye ya zubo masa, ya dubi Baba. Ya ce, "Yaya, wannan ai ba abinci ba ne, tikitin lahira ne." Ranar shayi da burodi muka ci.

Sai ranar da kika kira ni kika tambayi abin da Baba yake sayarwa yanzu. Na zo zan ce kabar, sai na tuna da zane. Na ɗaura masa. Na ce miki kabari.

Wallahi Kaka ban sani ba. Mu nan gabur muke cewa, ke kuma kushewa nake jin kina faɗa. Da na ji kin yi salati, na ɗauka murna ce, sai na ƙara bayani. Na ce miki akwai manya akwai ƙanana, kuma ƙananan sun fi tsada. Na ce ana zuba gishiri don kada na ciki ya lalace. Na ce Larabawa suna rububi, amma Hausawa sun ƙi ko gwadawa. Har na ce miki Baba ya kawo mana ɗaya gida mun gwada, bai yi mana daɗi ba. Daga nan layin ya yanke, ni kuma na shiga ɗaki ina jin daɗi, yau na yi Hausa mai tsawo ba ki gyara min ko kalma ɗaya ba.

Bayan kwana uku wayar Baba ta fara ruri. Wani Alhaji ya ce a ba shi na ɓangaren Makka, inda akwai inuwa. Wata Hajiya ta tambaya ko ana ragi idan mutum ya ɗauki biyu. Wani malami ya aiko da wa'azi mai tsawo a kan masu cinikin ƙasar Allah. Baba yana tsakiyar jera kwalabe, sai ka ji yana ihu a waya, "Na ci ne! Ci ake yi!" Wannan kuma ya ƙara ɓata lamarin.

A ranar na tambayi Umma a hankali mene ne kabari. Da ta faɗa min, sai da na zauna a kan buhun shinkafa.

Baba bai ko duba inda nake ba. Wa zai zargi yarinyar da baƙo ke sallama ta ɓuya bayan firji? Ya tuna da tikitin lahira, ya ce shi ke nan, Isa ne, shi ne mai mayar da komai wasa. Baffa ya rantse har sau uku. Baba ya ce ya zubar masa da mutunci a garinsu. Juma'a biyar ke nan Baffa bai zo cin abinci gidanmu ba. Umma tana mantawa ta ɗauko faranti shida, sai ta mayar da ɗaya. Sau da yawa na tsaya a bayan Baba na buɗe baki, sai ya juyo, in tambaye shi ko yana son ruwa. Ya sha ruwa a watan nan kamar raƙumi.

Da na ci gaba da yin shiru, Kaka, ba don saƙonki ba. Wanda kika turo wayata da murya ƙasa-ƙasa, kika ce kada kowa ya ji. Yanzu kowa zai ji, ki yafe min. Kin ce in roƙi Baba ya ajiye miki ɗaya, ko ƙarami ne ba komai, in dai kusa da marigayi Kaka Malam ne. Na saurara sau da yawa. Da farko na yi dariya har na toshe baki da mayafi. Daga baya na kasa.

Na tambayi Umma yadda ake samun kabari a nan. Ta ce a nan ba a saye, ba a ajiyewa, ba a ma rubuta suna. Amma duk ranar da muka bi ta gefen katangar maƙabartar da aka sa Kaka Malam, ina yi masa sallama, kuma tun da na ji saƙonki ina cewa har da taki.

Abin da zan iya aiko miki shi ne na kwalba. Na sa ɗaya a jakar Hajiya Talatu maƙwabciyarki da ta zo umra, na naɗe ta a cikin safa. Ki wanke sau uku kafin ki ci. Ki fara da ƙwaya ɗaya. Kada ki bari kowa ya kai ta kusa da miyar kuka. Sauran ki nuna wa Alhajin nan mai son inuwa.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa ki daɗe ba ki nemi na gaskiyar ba. Allah ya jiƙan Kaka Malam, ya haɗa ku a inda ya fi nan, amma ba yanzu ba, sai na iya Hausa tukuna.

Gobe Juma'a. Na riga na tura wa Baffa saƙo na ce ya zo, kuma na wanke faranti na shida na sa a kan sauran. Baba ba ya duba shafin dangi, don haka idan sun dawo daga masallaci zan buɗe wasiƙar nan in ajiye masa wayar a gefen tuwonsa. Ba zan je bayan firji ba.

Jikarki da ta ɗaura zane inda bai dace ba,
Balarabiya.