Haruffan Marigayi Munkaila

Guangzhou, 3 ga Maris

Matar Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya ƙarin haƙuri? Takaba dai ta ƙare, a share hawaye haka nan.

Littafin nan nake so, wanda Yaya Munkaila ya cika da zanen haruffa. Masu kaurin nan, baƙi ƙirin, masu ƙaho da ƙaya irin na saman takardar shaidar makaranta, waɗanda yake rubuta wa shaguna da manyan motoci. Su ake yayi yanzu a jikin wandon jins. Laoban ɗina na Xintang, wato mai masana'anta, hoto kawai zai ɗauka in dawo miki da shi. Sunan Yaya za mu sa wa kayan. Ki ba abokina Sabiru, ran Talata zai taso zuwa nan.

Ƙanin mijinki,
Alhasan

Kano, 9 ga Maris

Alhasan,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya.

Na ba Sabiru, amma wallahi da ƙyar hannuna ya sake shi. Shekara bakwai yayanka yana zana su, kuma ba ni da wani abu mai rubutun hannunsa sai shi. Yakan ce haruffan nan ba na dogon zance ba ne, kalma ɗaya ko biyu, manya, a sama inda ido zai ɗaga ya gani. Don Allah ka buɗe shi da kanka kafin ka miƙa wa kowa.

Ka huta lafiya,
Zulaiha

Guangzhou, 20 ga Yuni

Matar Yaya,

Ya gida? Wasiƙunki uku duk sun iso, ki bar ni in sha iska mana! Ina na ga lokacin buɗe littafi? A ledarsa na miƙa. Yanka shi suka yi harafi-harafi don injin ya ɗauka, sauran mai shara ta kwashe. Na tambaya, laoban ya ce "meiyou", babu. Takardu ne fa kawai, ba mutum ba.

Sunan Yaya ya yi wa aljihun baya tsawo, sai na sa nawa. Ga wando ɗaya nan, ki riƙa kallo idan kewa ta taso.

Naki,
Alhasan

Guangzhou, 2 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Zulaiha,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina cikin tashin hankali. Laoban ya sayar wa kowa haruffan. Duk shagon da ka leƙa a kasuwar Canaan su ne, nawa kayan ko kallo ba a yi. Lauya ya ce sai na kawo shaidar cewa zanen nawa ne. Ki taimaka ki rubuta cewa Yaya ya ba ni kafin ya rasu, ki sa hannu. Mu fa 'yan uwa ne.

Ƙaninki mai biyayya,
Alhasan

Kano, 11 ga Oktoba

Alhasan,

Wa alaikumus salam.

Ba sai na rubuta ba, shi ya riga ya rubuta. A shafin farko, da haruffan nan nasa, ya sa: "Na ƙanena Alhasan ne." Da sa hannunsa da kwanan wata, sati biyu kafin ya rasu. Ni na ɓoye maka maganar, don na kasa rabuwa da littafin.

Ka tambayi mai shara.

Zulaiha