Huji Talatin da Ɗaya

Birnin Konni, 20 ga Fabrairu 1989

Zuwa ga ƙanwata Asabe, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Halilu da yara.

Albishirinki. Abin da kika shekara uku kina cin kaina a kansa ya yiwu: Inna ta zauna na ɗauke ta hoto. Matar da ko katin ɗan ƙasa ta ƙi yi don kada a ɗauki fuskarta! Sai da na ce mata shekara goma sha ɗaya rabonki da ita, kuma 'ya'yanki ba su san kamanninta ba. Sannan ta ce, "In don Asabe na, to. Amma sau guda. Kak ka sake zo min da abin ga."

Saura kaɗan ma abin ya ɓaci. Ina da wata tsohuwar kyamara, mai baƙar fata a gaba da ke naɗewa kamar zugazugin maƙera. A motar Labo, tsakanin Malbaza da Badaguishiri, aka ɗora buhun albasa a kan jakata. Da na buɗe ta a gida sai ga fatar ta tsage a kusurwa. Na fita kasuwa neman solisho wurin mai facin taya. Kafin in dawo, Yaya Malami ya ɗauke ta ya ɗinke. Yaya Malami fa, wanda tun da na bar dukancin gidanmu na kama hoto, shekara shida, daga "ina kwana" ba ya ƙara mini komai. Ya miƙo mini ita a gaban kowa ya ce, "Ga ta. Ba ta sake tsagewa."

Fim ɗin goma sha biyu yake ci, na ƙarar da shi kaf a gindin darbejiyar tsakar gida, Inna tana zaton guda ne. A na ƙarshe Yaya ya tuɓe malfarsa ya kare kyamarar, wai rana za ta dafa ta. Na ce ya tsare mini gani, ya ce ban san rana ba. Har Inna ta yi dariya.

Hotunan suna nan tafe, ki ƙara haƙuri. Ki gaida mutan gida.

Yayanki, Sallau mai hoto.

Abijan, 18 ga Afrilu 1989

Zuwa ga Yaya Sallau.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi maka ta'aziyyar Inna. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Labarin ya iso mini kwana tara bayan an rufe ta. Ban gan ta ba, ban wanke ta ba, ko ruwa ban ba ta ba.

Yaya, ina hoton? Wata biyu ke nan. Halilu ya je gidan waya sau huɗu. Da ina so ne yara su gani, yanzu ni nake bukata. In na rufe ido ina jin muryarta sarai, amma fuskar ta fara guje mini, sai in ga ta Gwaggo Lauratu a madadinta. Wannan abin yana ba ni tsoro ƙwarai.

Na rubuta wa Yaya Malami shi ma. Kada ka ji haushi.

Ƙanwarka, Asabe.

Badaguishiri, 9 ga Mayu 1989

Zuwa ga ƙanena Sallau.

Bayan sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci, mutanen gida suna lafiya.

Takardar Asabe ta zo. Tana tambayar hoton mahaifiyarmu. Ranar sadakar uku na tambaye ka, ka ce maganin wanki ya yanke a Konni. Ranar ta bakwai ka ce sai ka je Sakkwato. Labo direba ya gaya mini kullum kana wanke hotunan 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, da na masu neman katin ɗan ƙasa. Ashe maganin bai yanke ba.

Ni ban san aikinku ba, amma na san idon wanda yake ɓoye abu. In ka yar da shi ne, ka faɗa. In ka raina mu ne, ka faɗa. Yarinyar nan tana kuka a ƙasar mutane.

Wassalam. Wanka, Malami Baduku.

Birnin Konni, 14 ga Mayu 1989

Zuwa ga Yaya Malami.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da girmamawa, ina neman gafara tun kafin ka karanta.

Yaya, ban yar ba, ban raina ba. Na wanke fim ɗin kwana biyu bayan na dawo. Ga hotunan nan na ba Labo, ga kuma kyamarar. Ka duba da idonka. Goma sha ɗaya duk farin haske ya ratsa su, tsiri-tsiri, daga goshin Inna har haɓarta. Za ka ga zanenta, za ka ga tabarma da turmi, har kazar da ta gitta ta fito tsaf. Fuskar ce babu.

Dole yau in faɗa maka dalili. Cikin kyamara duhu ake so, duhun da ko ƙwayar haske ba ta shiga sai ta gilashin gaba. Shi ya sa fatarta ba a ɗinka ta, liƙa ta ake yi. Duk inda allurarka ta bi, ƙofa ce ta buɗe wa rana. Ɗinkin kuwa ban taɓa ganin mai kyansa ba, ko Baba sai haka.

Amma laifin ba naka ba ne. Ka yi abin da kowane baduku zai yi in ya ga fata ta tsage. Ni ne na sani. Tun kana miƙo mini ita na gani, solisho yana aljihuna. Minti goma ya ishe ni in liƙe ta, ko in yafa mata baƙin ƙyalle. Sai na dubi fuskarka, na dubi Inna tana kallonmu, matanmu suna tsaye. Na ce yaya zan gyara aikin wana a gaban jama'a, ranar da ya fara taɓa kayan sana'ata? Na ce watakila inuwar darbejiya ta rufa mini asiri. Ba ta rufa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan nan. Mako biyar Inna ta yi da lafiyarta. Konni zuwa Badaguishiri tafiyar hantsi ce. Da na zo na durƙusa na ce, "Inna, bai yi ba," da ta yi mita ta zauna, na san ta. Amma sai ka tambayi abin da ya hana shi yi, ni kuma ba ni da bakin faɗa. Kullum in ce ranar kasuwa mai zuwa. Ranar kasuwa biyar ta wuce ni ina zaune a shago, sai Labo ya tsaya a ƙofata bai kashe mota ba, ya ce Inna ta cika.

Na goma sha biyun ne kaɗai hasken bai taɓa ba, don malfarka ta yi wa ɗinkin inuwa. Shi kuma Inna ta ja mayafi ta rufe baki da hanci tana dariya, ido kawai ake gani, kuma ba kyamara take kallo ba. Na shekara shida ina hoto, ko baƙo ba zan miƙa wa irinsa ba, balle Asabe.

In kana shakkar maganata, ka shiga ɗaki da rana ka rufe ƙofa da taga, ka buɗe bayan kyamarar, ka kunna cocila a cikin fatar. Ni tun da na cire fim ɗin ban ƙara buɗe ta ba.

Ka yafe mini. Ƙanenka, Sallau.

Badaguishiri, 25 ga Mayu 1989

Zuwa ga ƙanena Sallau.

Bayan sallama da gaisuwa, saƙonka ya iso.

Na shiga ɗakin mahaifiyarmu bayan azahar, don ya fi duhu. Na kunna cocila kamar yadda ka ce. Na ƙirga huji talatin da ɗaya, a jere, kowanne da hannuna na yi shi.

Ka ce laifin naka ne. Shekara shida ina nuna maka fuskar da ƙane ba zai iya ce wa wansa ya yi kuskure ba. Da na tambaye ka yadda ake gyaranta kafin in zare allura, da ka faɗa mini. Ban tambaya ba, don ina so ka ga har kayanka sai da dukancin da ka bari. Wannan shi ne gaskiyar abin da ke zuciyata ranar.

Ban warware ɗinkin ba. Na sami baƙar fatar akuya na kankare ta har ta yi kamar ɓawon albasa, na liƙa ta ciki da solisho, na bar ta kwana biyu a buɗe. Na sami wasu huji uku a naɗin ƙasa waɗanda tsufa ya yi, su ma na rufe. Bakin murfin baya ya saki, na cusa masa baƙin zaren ulu. Na sake kunna cocila, ban ga komai ba. Amma ka gwada da kanka, a gabana in ka so.

Hoton ƙarshe na aika wa Asabe ta hannun wani mutumin Tajaye mai komawa Abijan, da takardarka a ciki. Ba kai za ka yanke mata ko ya yi ko bai yi ba.

Kyamara tana nan. Ba zan ba Labo ba. Ka zo ka ɗauka.

Wassalam. Wanka, Malami.

Abijan, 2 ga Yuli 1989

Zuwa ga Yaya Malami da Yaya Sallau, takarda ɗaya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Hoton ya zo, na kuma karanta komai.

Na ji haushinku, ku duka biyu, har yanzu ma bai gama wucewa ba. Na so in ga bakinta.

Amma ita ce. Haka take jan mayafi in dariya ta kama ta a gaban ɗanta na fari, ku maza ba ku lura. Yara sun tambaye ni wa take kallo a gefe. Na ce yayyena ne, suna faɗa a kan malfa.

Tun da kun ce ta gyaru, ku tsaya a gindin darbejiyar nan ku biyu, a ɗauke ku, ku aiko mini. Kada ku jira ranar kasuwa.

Ƙanwarku, Asabe.