Kwana goma sha tara cikin harami saboda tafiyar awa biyar

Zuwa ga Alhaji mai kamfanin jirgin yawo, wanda fasfon mahaifina ke hannunsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na biyo ta jarida ne don na gaji da zuwa ofishinka ana ce mini ka fita. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi. Mahaifina manomi ne a Gurbin Bore, ya haura saba'in, kuma ta hannunku ya yi niyyar zuwa Umara.

Na ɗaya. Ran wata Talata wakilinka ya tara maniyyata, har da Baba, a filin jirgin Kano, ya ce daga nan zuwa Jidda awa biyar ce, kuma jirgi na hanya. Ya ce kowa ya ɗaura harami ya yi niyya tun a ƙasa, kada a wuce miƙati a sama tsofaffi na gyangyaɗi. Baba ya tuɓe riga da hula ya miƙo mini, ya yi niyya, ya fara labbaika. Jirgin bai zo ba.

Na biyu. Kwana shida muka yi a ƙarƙashin rumfa, ga damina, ga tsoho da ƙyalle biyu, kai a buɗe. A nan tari ya kama shi. Kullum sai a ce gobe. A rana ta bakwai aka ce kowa ya koma gida, za a aiko.

Na uku, kuma shi ne ke hana ni sukuni. Malaman garinmu sun rabu biyu: wasu sun ce yana iya kwance haramin, wasu sun ce sai ya yi ɗawafi. Baba ya bi na biyun, ya ce da Allah ya ƙulla, ba da kamfani ba. Yau kwanansa goma sha tara a haka. Ba riga, ba hula, ba yankan farce, tarin kuma sai ƙaruwa yake. Baƙi kan shigo su yi masa barka da dawowa, sai ya sunkuyar da kai. Wallahi abin yana yi mini ciwo.

Ni ma ɗaukar mutane nake yi, Alhaji. Ban taɓa ce wa fasinja ya yi sallama da gida ba alhali motata na gareji.

An ce in kai ƙara, tunda yanzu shari'a ake yi a Zamfara. Na gaji, ba ni da ƙarfin wannan. Roƙona dai ka ba mu rana ta gaskiya. In kuwa babu jirgi, ka rubuto ƙarara cewa babu, in kai wa malamai, wataƙila ya yarda ya sa riga. Wakilinka kuma ya daina sa tsofaffi yin niyya sai ya ga jirgi da idonsa.

Hular Baba tana nan a gaban motata tun ranar. Duk sanda na je gaishe shi, kafin ya amsa sai ya tambaya ko an aiko.

Allah ya sa ka gama da iyayenka lafiya, ya kai ka ɗakinsa ba tare da ka yi jira irin wannan ba.

Wassalam.

Garba Direba,
Ƙaura Namoda.