Na auna ruwan gidanmu, na ga tiramol

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Aikina awon ruwan datti ne. Ana ɗebo mana shi daga magudanan unguwanni a kwalabe, mu tace, mu sa a na'ura, ta nuna irin ƙwayoyin da mutanen wurin ke sha, don abin da aka haɗiya sai ya fito a fitsari. Shekara bakwai lambobi kawai nake gani, ban san fuskar kowa ba.

Kwanakin baya na yi zargin na'urar ta lalace. Don in gwada ta, na ce bari in kawo ruwan da na tabbata ba komai a ciki, na ɗebo daga ramin masai na gidanmu. Har ina tsokanar abokiyar aikina, wai ga ruwan gidan salihai. Anti, tiramol ya fito, ba kaɗan ba. Sau uku na maimaita. Kuma ba zubar da shi aka yi ba, ta jikin mutum ya bi.

Mu uku ne a gidan: ni, 'yata mai shekara huɗu, sai babanta, direban bas, mutum goma sha takwas yake ɗauka kowane sawu. Ban yi kuka ba, ko fushi ban ji ba. Ina girki, ina goge masa riga, ina yi masa a dawo lafiya, kamar ba ni ba. Yau kwana tara takardar sakamakon awon tana jakata.

Mai awon ruwa

'Yar'uwa, sannu. Rashin kukan nan ba taurin zuciya ba ne, tashin hankalin ne ya yi miki yawa.

Kin fi ni sanin na'urarki ta faɗi abin da ke cikin ruwa ne, ba ta faɗi dalili ba. Mai yini a kujerar mota, wataƙila ciwon baya ya kai shi, wataƙila ma likita ya rubuta masa. Kada ki tare shi da takarda, zai ce leƙen asirinsa kike yi. Ki fara tambayar jikinsa, sannan ki faɗa masa yadda abin ya faru, ku je asibiti tare. Kada ya yanke sha lokaci guda sai da likita.

Amma fa waɗanda ke cika bas ɗinsa ba su san abin da kika sani ba. Ki yi maganar kafin ya sake ɗaukar makulli. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ba shi lafiya.